Jiƙon rage teɓa da gyaran ciki: ma'auninsa da inda ake yin kuskure

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kejetia ta Kumasi da hantsi, ko ya tsaya jiran motar haya ta trotro a unguwar Aboabo, ya san muryar mai magani. Lasifika a hannun hagu, kwalba a hannun dama, yana lissafa aikinta: tana wanke dattin ciki, tana narkar da kitse, tana maganin basir, tana saukar da teɓa cikin mako guda. Jama'a suna saye, kuma ba a ga laifinsu ba, domin kumburin ciki da taurin bayan gida da ƙiba matsaloli ne da suka zauna a gidajenmu na Zango. Akwai itatuwa da kayan yaji masu taimakon ciki da gaske, iyayenmu sun san su tun kafin a buɗe kemis na farko a Kumasi. Amma mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan maganin rage ƙiba maganin gudawa ne kawai, kuma wannan bambancin shi ya kamata Hajiya da Alhaji su fara ganewa kafin su ɗora tukunya a wuta.

Ga yadda jiki ke aiki. Abinci yana sauka cikin ciki, ya wuce ƙaramin hanji, a can ne jiki ke tsotse mai da suga da sauran abin da ke zama kitse. Abin da ya isa babban hanji saura ne da ruwa. Filasko, wanda wasu ke kira sanamakki, da marga, da ruwan ɗacin nan mai launin rawaya da ke fita daga ɓawon alobera, duk a babban hanji suke aikinsu. Suna tsokanar hanjin ya yi ta matsawa, su hana shi tsotse ruwa. To kafin su fara aiki jiki ya riga ya kwashe rabonsa daga abincin. Mutum zai kwana yana zarya banɗaki, da safe ya hau sikeli ya ga kilo guda ya tafi, ya yi murna. Ledar ruwan sha da muke saye rabin lita ce, nauyinta rabin kilo. Wannan kilon da ya tafi leda biyu ce ta ruwa, da zarar an sha an ci za ta koma mazauninta. Kilo guda na kitse kuwa yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700, babu ganyen da zai ƙone wannan a dare ɗaya.

Ba ruwa kaɗai gudawar ke ɗebewa ba. Tana tafiya da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam wanda zuciya da tsoka ke dogara da shi. Shi ya sa mai shan shayin filasko kullum za ka ji tana kukan kasala, ƙafa tana riƙewa cikin dare, zuciya tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba. Ga wanda ke shan maganin fitar da ruwa irin Lasix, ko maganin zuciya digoxin, haɗarin ya ninka. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ita ma ta sani gudawa mai tsanani tana iya fitar da ƙwayar kafin ta yi aiki. Idan kuma aka ɗauki watanni ana sha, sai mutum ya wayi gari bayan gida ba ya zuwa sai da shi, ya ƙara yawan ganyen, matsalar ta ƙara zurfi.

Filasko yana da wurinsa, ba mu ce a zubar da shi ba. Maganin taurin bayan gida ne na 'yan kwanaki. Busasshen ganye gram 1 zuwa 2, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya idan an murje shi, a zuba masa ruwan zafi kofi ɗaya, a rufe minti 10, a tace. A fara da rabin wannan ma'aunin, domin cikin kowa daban. A sha da dare, yana aiki bayan awa 6 zuwa 12. Kada a tafasa shi a kan wuta har ruwan ya yi baƙi, wannan ne ke kawo murɗawar cikin da ke sa mutum ya durƙusa yana zufa. Kada a wuce kwana 7 a jere. Ba a ba yaro, mai ciki ba ta sha sai da iznin likita, haka wanda cikinsa ke ciwo mai tsanani ba a san dalili ba. Fitsari yana iya canza launi ya yi ja-ja bayan an sha, wannan ba abin tsoro ba ne.

Wanda taurin nasa bai yi tsanani ba, tsamiya ta fi masa sauƙi. A ɗebi curi kamar girman ƙwan kaza, a wanke, a jiƙa a ruwan ɗumi rabin lita na awa biyu, a dama da hannu mai tsabta, a tace. Kofi ɗaya da safe ya isa. Tana tausasa bayan gida ba tare da murɗa ciki ba. Tsaminta dai yana cin haƙori idan ana yawan sha, saboda haka a kurkure baki da ruwa bayan an sha, kada a goge haƙori nan take.

Jiƙon da muka fi amincewa da shi wajen kumburin ciki, yawan gyatsa, da nauyin nan da ake ji bayan an ci tuwon zafi ko shinkafa da wake mai mai, shi ne na citta. A cikin kayan yajinmu citta tana cikin waɗanda aka fi bincika, an kuma tabbatar tana rage tashin zuciya, tana taimaka wa ciki ya sauke abinci zuwa hanji da wuri. A samu ruwa lita ɗaya, leda biyu ke nan. Ɗanyar citta kamar gram 20, girman babban yatsan hannu, a kankare ta da cokali a daddaka. Kanumfari ƙwara 4 ko 5. Kimba ɗaya, wadda maƙwabtanmu Asante ke kira hwentia, a ɗan fasa ta. Ƙamshin kimba a ɓawonta yake, 'ya'yan cikinta ɗaci ne da su, don haka a fasa kawai kada a niƙe. A zuba duka a tukunya, a rufe, idan ya tafasa a rage wuta ya yi minti 10 yana ɓararraka a hankali. A sauke, a jefa ganyen na'ana'a cikin tafin hannu ɗaya, a sake rufewa minti 5, sannan a tace. Lemun tsami a kofi ake matsa shi, rabi ya isa, ba a cikin tukunya ba. Kofi ɗaya bayan abincin rana, ɗaya bayan na dare.

Kuskuren da aka fi yi a nan guda uku ne, kuma kowanne da dalilinsa. Ana barin tukunya a buɗe ta yi rabin awa tana tafasa, gida ya cika da ƙamshi, a ɗauka magani ya nuna. Wannan ƙamshin da ya cika ɗakin girki shi ne man da ake nema, ya bi tururi ya tafi, abin da ya rage a tukunya yaji ne da ɗaci. Ana kuma cika kanumfari da tunanin yawa shi ne ƙarfi. Kanumfari yana da mai mai zafi, yawansa yana ƙona baki da ciki, man kanumfari na kwalba kuwa ko kaɗan kada a ba yaro ya sha, yana iya lalata hanta. Na uku shi ne shan jiƙon da sassafe ciki ba komai, musamman ga mai gyambon ciki ko ƙwarnafi. Mai ƙwarnafi ma ya cire na'ana'a gaba ɗaya, domin tana sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙogwaro da ciki, ruwan tsamin ciki ya samu hanyar hawowa ƙirji. Idan busasshiyar citta ce a hannu, kada a wuce gram 4 a yini, mai ciki kuwa gram 1 ya ishe ta. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tambayi likitansa kafin ya mai da citta abin shan kullum.

Sai zoɓo, sobolonmu na kowace rana. A nan ne rage ƙiba na gaskiya yake ɓoye, kuma ba a cikin furen ba, a cikin sugan da aka cire. Ƙaramin cokalin suga gram 4 ne, kalori 16. A ce kwalbar sobolo ko lamurje da mutum ke sha kullum tana da cokali 8, gram 32 ke nan, kalori 128. A cikin kwana 60 ya sha kalori 7,680, kusan kilo guda na kitse, daga kwalba ɗaya tak a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kamar gram 50 na suga a yini, idan ya tsaya a gram 25, wajen cokali 6, ya fi. Yanzu a haɗa da sugan kokon safe, da na shayi da madarar gwangwani, da na burkina, haɗin gero da nono, da rana, da lemun kwalba a wajen suna ko biki. Mutane da yawa da ke neman maganin teɓa a kasuwa, maganinsu yana cikin gwangwanin sugan da ke kan tebur.

Zoɓon da ba suga ana iya yi masa daɗi. Busasshen zoɓo cikin tafin hannu ɗaya, gram 15 zuwa 20, a wanke shi da ruwan sanyi da sauri don yashi, kada a bar shi ya jiƙu a ruwan wankin domin launin zai tafi. A tafasa ruwa lita ɗaya da ɓawon abarba da aka wanke sosai, da 'yar citta, da kanumfari biyu ko uku. A sauke, a zuba zoɓon, a rufe minti 20, a tace. Ɓawon abarba da ɗan naman da ke manne da shi suna kashe kaifin tsamin. Mako na farko harshe zai yi ƙorafi, bayan haka ya saba. Wanda ya kasa, ya rage sugan rabi a makon farko, ya sake rage rabi a na biyu. Zuma ba mafita ba ce, jiki yana ɗaukar ta a matsayin suga. A yi amfani da tukunyar silba marar tsatsa ko ta tangaran, kada a bar zoɓo ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa yana cin ƙarfen ya shiga cikin abin sha.

Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, wannan an gwada an gani. Alheri ne ga wasu, amma mai shan maganin hawan jini ya tsaya a kofi ɗaya ko biyu, ya riƙa auna jininsa, idan yana ganin jiri in ya miƙe tsaye ya rage. Kada kuma ya ajiye maganin asibiti don ya koma zoɓo. Mai ciki ta haƙura da zoɓo mai kauri har ta sauka.

Abu na biyu da ke taimaka wa mai son rage ƙiba shi ne abin da ke cika ciki ya daɗe bai narke ba, wato harza da yauƙin da ke cikin ganye da hatsi. Babba yana buƙatar gram 25 zuwa 30 na wannan a yini, yawancinmu ba ma kaiwa. Abin farin ciki, ba sai an je kantin magani ba: miyar kuka, kuɓewa, ayoyo, wake, gero da ba a surfe shi ƙwarai ba, ganyen zogale. Farin garin 'ya'yan kuka yana da shi da yawa, babban cokali ɗaya a dama a kofin ruwa a sha kamar minti 20 kafin abinci, ana zama gaban kwano yunwar ta riga ta lafa. A fara da ƙaramin cokali a riƙa ƙarawa cikin mako biyu, domin wanda ya afka masa lokaci ɗaya cikinsa zai cika da iska ya ce abin bai karɓe shi ba. Dole a bi shi da ruwa sosai, in ba haka ba taurin bayan gidan ƙaruwa zai yi. A bar tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayoyin asibiti.

Hulba tana cikin wannan sahun, amma a yi mata adalci. Ƙaramin cokali ɗaya na 'ya'yanta, a jiƙa a kofin ruwa ya kwana, da safe a sha ruwan a tauna 'ya'yan. Tana rage saurin hawan suga bayan cin abinci. Sai dai hulbar nan ita ce wasu mata ke dafawa da madara don su yi ƙiba, kuma tana buɗe wa wasu ciki su ƙara cin abinci. Wanda ya ga haka a jikinsa ya bar ta. Mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko allurar insulin ya kula, sugansa yana iya faɗuwa ƙasa da kima, alamarsa rawar jiki da zufa mai sanyi. Mai ciki ba ta shan ta a matsayin magani. Warin da take sa wa zufa da fitsari ba cuta ba ne. Zogale kuma ganyensa abinci ne mai kyau, a shanya shi a inuwa don ya riƙe korensa, a barbaɗa cokali ɗaya a miya bayan an sauke. Saiwarsa da ɓawonsa ba na sha ba ne, musamman ga mai ciki.

Kanwa tana buƙatar magana ta musamman, domin tana yaudara. Mutum ya ji ƙirjinsa yana zafi, ya jiƙa 'yar kanwa ya sha, nan da nan ya yi gyatsa ya ji sanyi. Gaskiya ne tana kashe tsamin ciki na ɗan lokaci. Amma kanwa cike take da sodiyam, sinadarin nan na gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa da kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi. Uwar da ke kula da mai jego a Asawase ko Sabon Zango ta riƙe wannan. 'Yar kanwar da ake jefawa a wake ko kuɓewa daban, jiƙa ta ana sha kullum don ciki daban. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, da mai kumburin ƙafa su nisance ta.

Zafin cikin da ke dawowa kullum, wanda ke tayar da mutum tsakar dare, sau da yawa gyambon ciki ne, kuma abu biyu ne suka fi kawo shi: wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori, da yawan shan maganin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, wanda masu dako da direbobi da 'yan kasuwa ke haɗiya kamar gyaɗa. Ƙwayar cutar ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magungunan asibiti na kamar mako biyu. Jiƙo ba ya kashe ta. Citta da lemun tsami da masoro a kan gyambo ƙara wuta suke yi.

Game da abin da ake saye a kwalba ko a fakiti, a duba lambar rajistar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana, FDA, da ranar lalacewa, da sunayen abin da aka haɗa. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba a mayar wa mai ita. Shayin rage ƙiba da ke shigowa daga waje ana sayarwa a WhatsApp da TikTok ya fi ban tsoro, domin a ƙasashe da dama an sha gano sibutramine a ɓoye cikin irinsu, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Idan shayi ya hana ka barci, bakinka ya bushe, zuciyarka tana gudu, yunwa ta ɗauke ɗif, ba aikin ganye ba ne, a daina sha. Su kuma bitas, ruwan sassaƙe mai ɗaci na kwalba da ake tallatawa don ciki, da yawansu a cikin barasa aka jiƙa sassaƙen, Musulmi ya karanta jikin kwalbar da kyau.

Wanda ke son maganin gargajiya a hannun masu ilminsa, ƙasar nan tana da su. Cibiyar binciken magungunan itatuwa da ke Mampong ta Akuapem, ba Mampong ta nan Asante ba, tana aiki tun 1975. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, KNUST, a nan Kumasi tana horar da ɗalibai har digiri a fannin maganin itatuwa, kuma wasu asibitocin gwamnati suna da sashen da waɗannan ƙwararru ke duba marasa lafiya. Idan za a je wajensu ko wajen likita, a tafi da kwalbar ko ganyen da ake sha a nuna, kada a ɓoye don kunya.

Ajiya ma wuri ne da ake yawan faɗuwa. Kumasi gari ne mai laima, busasshen ganye a leda yana yin fumfuna cikin 'yan makonni. A buɗe ƙullin tun a gaban mai sayarwa, a sansana. Idan ana jin warin rima, ko an ga farin gari-gari ko ɗigon kore a jikin citta ko kimba, a bar shi. Wasu nau'in fumfuna suna fitar da guba mai cutar da hanta, kuma tafasawa ba ta kashe ta. A gida a zuba kayan a kwalbar gilashi mai murfi, nesa da murhu da hasken rana. Jiƙon da aka dafa yini ɗaya yake yi a waje, kwana biyu zuwa uku a firji, idan kuma an ɗauke wuta ya kwana da ɗumi a zubar. Kwalbar da aka buɗe ta yi tsit kamar lemun kwalba, ko aka ga kumfa a samanta, ta riga ta lalace.

Rage ƙiba mai ɗorewa rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako, kuma jiƙo ɗan rakiya ne kawai a wannan tafiya. Babban aikin yana cikin kwano: shinkafa da wake ba tare da an lafta mata taliya da garin rogo da mai a lokaci guda ba, malmalar tuwo ɗaya maimakon biyu da miya mai yawa, cin abincin dare awa uku kafin kwanciya, da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30 sau biyar a mako. Don auna ci gaba, igiya ta fi sikeli faɗin gaskiya. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu da ita daidai saitin cibiya. Idan bakunan biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. A riƙa gwadawa sau ɗaya a wata, da safe kafin a ci komai.

Akwai alamomin da idan an gan su ba a dafa komai, asibiti ake nufa, ko mafi kusa ko babban asibitin Komfo Anokye: bayan gida baƙi kamar kwalta ko mai jini, aman jini, ramar da ba a nema ba, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, idanu sun yi rawaya, ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi, ko ciki ya kumbura ba bayan gida ba iska. Haka wanda ya haura shekara 45 ya ga yanayin bayan gidansa ya canza na makonni, kada ya ce basir ne ya zauna. Idan kuwa wani jiƙo ya riga ya sa mutum gudawa, a daina shan sa nan take, a haɗa ruwa mai tsabta lita ɗaya da suga ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In fitsari ya ɗauke, ko jiri ya hana shi tsayuwa, a kai shi asibiti da kwalbar abin da ya sha a hannu.